Wutar da Manaja Ya Kira Ƙarama

Wata Laraba ce cikin bazara, shekarar da nake aji huɗu a firamare. Muna 'yar gala-gala a ƙofar gida ni da ƙawayena, sai muka ga baƙin hayaƙi ya turnuƙe sama ta wajen Sharada, inda Babanmu yake aiki a kamfanin roba. Warin narkakkiyar roba ya riga labarin isowa unguwarmu. Sai bayan kwanaki aka sallamo Baba daga asibiti, hannayensa biyu naɗe da bandeji. Da su ya ɓalle ƙofar ƙarfen da ta rufe abokan aikinsa a cikin wutar.

Manajan kamfanin ya zo dubiya yana ƙamshin turare, bai ko zauna a tabarmar da Inna ta shimfiɗa masa ba. Ya dubi hannayen Baba ya ce, "Just a small fire." Yaya Sani ne ya fassara mana: wai ƙaramar wuta ce. Ba a jima ba suka sallami Baba daga aiki. Inna cewa kawai ta yi, "Allah ya isa," ta ci gaba da tankaɗe. Ni kuwa, yarinyar da ko kiyashi ba ta iya takawa, na ƙudurta sai mutumin nan ya janye maganarsa, kuma da harshen da ya faɗe ta.

Sai na shiga farautar sunayen wuta a Turanci. Na addabi malamarmu da tambaya har ta laƙaba mini 'Yar Gobara. Hura wutar girki aikina ne a gida, don haka murhu ya zama ajina. In tartsatsi ya tashi na kira shi spark, na aika shi kan laktayen manaja. Garwashi ember ne, shi nake zuba masa a takalminsa mai sheƙi. In itace ya kama da balbali, blaze ke nan, tana lashe kujerar ofishinsa. Ranar da na samo inferno, gobarar da ba ta barin komai, ban yi wasa da ita ba, na adana ta sai mun haɗu. Miya ta sha ƙonewa a hannuna. Baba, wanda nake ba tuwo a baki, yakan ce, "Uwata, ba a ajiye wuta a ƙirji."

Ina aji biyu a sakandare na je ƙofar kamfanin da kayan makaranta, na raɓe tsakanin tireloli har motarsa ta fito. Na sha gabanta. Ya sauke gilas, na faɗa masa da Turancin da na yi shekaru ina wasawa cewa wutar da ta cinye hannayen Babana, Malam Idi, ba ƙarama ba ce, inferno ce. Ya yi murmushi, ya yaba wa Turancina, sannan ya tambaye ni da Hausa, "Wace gobarar daga ciki, 'yan mata?" Gilas ya koma sama.

Yau an rufe kamfanin, awaki ke kiwo a harabarsa. Ina girki da gas, shuɗiyar wuta mai ladabi da ake kashewa da yatsa biyu, amma ina kewar murhun Inna da ɗumin tabon hannun Baba a kaina. Shi ya yafe kafin ya rasu. Ni garwashina yana nan ƙarƙashin toka.