Baƙar Tsatsar Takobin Samurai

Har gobe ina tuna wata Talata, ina wata na uku da kama aiki a wani ƙaramin gidan tarihi nan Greensboro. Muƙamina shi ne na ƙasa duka: mai ɗauko kaya, ya auna, ya jera a akwatin gilashi. Ina zaman gwaji, kuskure ɗaya ya isa a sallame ni.

Muna shirya nuni kan samurai, mayaƙan Japan na da, waɗanda ke bauta wa iyayen gidansu da takobi. Su kaɗai aka yarda su rataya takubba biyu, kuma takobi gado ne: a sauya ƙota, a sauya kube, amma ƙarfen yana nan daga kaka har jika. Wata dattijuwa daga Summerfield ta ara mana guda ɗaya, wanda surukinta ya dawo da shi daga Japan bayan yaƙin duniya na biyu.

Ƙa'ida ita ce a rubuta halin da kaya ya zo kafin a taɓa shi. Na sa safar hannu, na zare ɗan tsinken gora da ke riƙe ƙotar. Sai ga jelar ƙarfen da ke cikin ƙotar baƙa ƙirin da tsatsa, da rubutun da aka sassaƙa a jiki, sunan maƙerin.

Shugabar sashenmu, mace mai kirki amma mai gaggawa, ta leƙo. "Sunan nan za mu ɗauka hoto. Samo sanfefa ka goge shi ya fito fes."

Ni ɗan maƙera ne, a bakin zugazugi na tashi. Shekaru ina ɓoye wannan, don ko a nan, in mu 'yan gida muka haɗu wurin suna, ba a rasa mai tsokanata da "Ina gawayi, Oga?" Amma abin da na koya a maƙerar Baba bai bar ni ba: jar tsatsa cin ƙarfe take, baƙa kuwa riga ce, ita ke tsare shi.

Na ce, "Madam, ba zan goge ba."

"Ba za ka goge ba?"

"In na goge, babu mai iya mayarwa. Ki ba ni zuwa gobe. In na yi kuskure, ki sallame ni."

Ta dube ni kamar yau ta fara ganina, ta fita.

Washegari ta kira wani masanin takubban Japan ta bidiyo. Da ya ji maganar sanfefa sai ya dafe kai. Ya ce da launin wannan tsatsa ake gane shekarun takobi, wanda ya goge ta ya kashe tarihinsa. Ya tambaya wa ya hana. Madam ta juya kyamara kaina.

"A wace makaranta ka koyi wannan?"

Na ce, "A maƙerar babana." Da ƙarfi na faɗa, kuma na ji daɗin faɗar.

A makon aka tabbatar da ni a aiki. Ku da kuke shigowa aikin nan, ku sani ba kowane datti ne datti ba, kuma abin da kuka taso da shi a gida ilimi ne, kada ku bar shi a bakin ƙofa.

Ranar buɗe nuni na daɗe tsaye gaban sunan maƙerin nan. Baba ya ƙera fartanya ba adadi, bai sa suna a ko ɗaya ba. Da na koma ofis na roƙi a gyara katin sunan da ke ƙirjina. Tun ranar, Sani Maƙeri ne rubuce a kai.