Mai Yanka Daga Tsakiya

Abokina mai yankan ciyawa ne, kuma a duk masu lauje na fadamarmu shi kaɗai ke farawa daga tsakiya. Kowa daga gefe yake kamawa, ya yi ta zagayowa har ya haɗe a ciki. Shi kuwa sai ya kutsa cikin taɓo har gwiwa, ya riƙa yanka yana nufar rafi. Saboda 'yan tsakin gauraka yake haka. In an zagaye su, a ɗan ragowar ciyawa suke laɓewa, lauje ko kare ya gama da su. In an bar musu hanya, sai su tsere.

Rafin nan shi ne iyakar ƙasa. A tsallake ƙanin matarsa ke da fadama, kuma sun yi alkawari ƙanin ba zai yanke tasa ba sai tsuntsayen sun iya tashi.

"Uban gauraka, 'ya'yan naka sun yi fasfo kuwa?" in ji abokan aiki.

"Gidan kawunsu za su. Wa zai tambaye su takarda?"

Matarsa ma ba ta barinsa. "Maigida, da ni kake lallaɓawa haka, ai da na yi ƙiba."

Sai ya yi murmushi, ya ci gaba da wasa laujensa.

Shekarar da aka rufe iyaka, zumunci ya koma ɗaga hannu daga nesa. Lokacin yanka ya zo, ya yi yadda ya saba. Yana jin motsin tsakin a gabansa, yana lallashinsu, har suka faɗa ruwa suka haye. Da ciyawar bakin rafi ta kwanta, sai ya hango tsallake. Babu ciyawa ko ɗaya. Tarakta ta kife ƙasar, an haƙa magudana, shirwa na shawagi a sama.

Ya jefar da lauje ya shiga ruwa. Mai gadin iyaka ya tare shi.

"Baba, koma. Ina takardarka?"

A cikin ruwa ya tsaya, yana kallo, har shirwa suka gama da tsakin.

Daga baya ƙanin matar ya fito bakin gaɓa, kansa a sunkuye.

"Yaya, yara ne suka bai wa wani mai noman shinkafa fadamar. Kunya ta hana ni aiko maka."

"Da ka aiko, da na bar tawa," ya ce. "Da hannuna na kora maka su."

Shekara ta zagayo, ya ƙi yanka ko dami ɗaya. Awakinsa suka rame, matarsa ta yi faɗa har ta gaji. Kullum yana bakin fadama yana duban sama. Gauraka ba su sauka ba.

Kafin wata damina muka binne shi. Allah ya jiƙansa. Ban san mai taushin hannu irinsa ba.

Yanzu ɗansa ke riƙe da laujen. Daga gefe yake farawa, kuma babu wanda ya ce masa komai, don babu abin da ya rage a ciki da zai gudu.