Ƙyauren Sarkin Walda

Shi ya raɗa wa kansa Sarkin Walda, don babu mai yi masa wannan karamcin. Shekara da shekaru yana garejin bariki, aikinsa liƙa wa motocin sojoji farantan ƙarfe a ƙofofi don kada harsashi ya ratsa. Wajen cika baki ba a magana, sai ka rantse shi ke riƙe da yaƙin, alhali ko taya ce ta fashe sai an zaƙulo shi daga ƙarƙashin benci.

Abin da ya iya da gaske fenti ne. Da aka kawo faranti masu kauri, sai ya ga gidansa ya fi kowace mota buƙatarsu. Ya kwashe, ya liƙa wa ƙofar wata mota fallen tsohuwar ganga, ya shafe da kore har tana ƙyalli. Gida kuwa ya samu ƙyauren da sai an sa kafaɗa yake buɗuwa. Maƙwabta na yabo, shi yana washe baki.

Motar nan ƙanen matarsa aka ba, direba ne sabon shiga. Ya zo gareji yana shafa ƙofar, ya ce, "Yaya, aikinka ne ko? To ni kam hankalina ya kwanta."

Kalma ɗaya ta isa ta hana motar fita. Amma gogan ya fi tsoron tonon asiri a kan asarar rai. Ya dafa kafaɗar yaron, ya ce masa ko bam sai dai ya gaishe shi ya wuce.

Motar a jaye aka dawo da ita, ƙofar direba kamar rariya, yaron kuwa gawarsa aka kawo. Sarkin Walda ya fi kowa sharɓar hawaye, yana cewa makaman zamani sun fi ƙarfin ƙarfe.

Abokan mamacin suka zo yi wa matarsa ta'aziyya. Wani kofur ya ƙwanƙwasa ƙyauren, ya dakata, ya sake ƙwanƙwasawa a hankali. Ya kankare fentin da makulli, sai ga tambarin soja.

Ya dubi matar ya ce, "Yaya, ƙofar ƙanenki ce a nan."

Da mijin ya rako baƙi waje yana ta kame-kame, ta tura ƙyauren ta sa sakata. Ya buga, ya yi magiya, ya sa kafaɗa da ƙafa, ƙyaure ko gezau. A duk rayuwarsa wannan ne aikin da ya yi da kyau.