Kujerar gaban na'urar sanyi

Azumin shekarar nan ya faɗo tsakiyar bazara, ga ɗinkin Salla ya yi mana tuli a shagonmu na bakin kasuwar Tasawa. Mai shagon, dattijon da ya koya wa Baba, mahaifina, ɗinki, har yanzu kuma tare muke aiki duka, ya sayo na'urar sanyi daga Maraɗi, irin wadda ake ɗura wa ruwa tana feso iska mai laima. Daga wani tono, wato gangar ƙarfe, da ke bayan shago muke cika ta. Tonon yini yake a rana, kuma ba mai wanke shi, tunda ba ruwan sha ba ne.

A shagonmu da shekaru ake zama. Babba shi ke da wuri mai kyau, saboda haka keken mai shago aka jawo gaban na'urar. Ni da gemuna da 'ya'yana uku ina bakin ƙofa ina narkewa.

Mai shagon ne ya fara kwantawa. Zazzaɓi, tari, numfashi sama-sama. Muka ce palu ne, zazzaɓin cizon sauro, aka yi mashi allurai, ba ta canza zane ba. Muna dawowa daga jana'izarsa aka matsar da keken na biye da shi, wani abokin Baba da muke ce wa Bamayahe da sunan garinsu, zuwa wurin. Ba a yi nisa ba shi ma ya fara tarin. Na gaba a shekaru Baba ne.

Ni na kai Bamayahen gidan likita. Likitan ya saurari ƙirjinsa, ya tambaye ni aikinmu da ruwan da muke amfani da shi.

Na ce, "Likita, azumi fa ake. Wa ya sha ruwa a shago?"

Ya ce ba a sha cutar ke kamawa ba, a shaƙa ne. Ƙwayar cutar tana son ruwa mai ɗumi da ya kwana, in ya zama feshi sai ta bi numfashi ta sauka a huhu, kuma tsofaffi ta fi kayarwa. Ya ce ma'aikatan jiragen ruwa sun san ta daga tankunansu. Sai ya tambaya ko muna da abin da ke fesa ruwa.

Na fita da gudu. Na hau kabu-kabu, ina ta dukan kafaɗar mai babur ɗin ya ƙara wuta.

Na tarar an matsar da Baba gaban na'urar, ya tura hula ƙeya, iskar na kaɗa mashi riga. Na durƙusa na faɗa mashi abin da likita ya ce.

Ya ce, "Jirgin ruwa? A Tasawa? Ni da ko kwalekwale ban taɓa takawa ba." Teloli suka yi dariya.

"Baba, don Allah ku tashi daga nan."

"In tashi a ce na guji wurin maigidana don ya mutu a kai? Koma kan kekenka."

Ban taɓa musu da shi a gaban mutane ba. Ni kuwa Allah ya yi ni da zuciya. Na fizge wayar, na rungumi na'urar na kifar da ita a bakin titi. Ruwan ya malalo kore, da yauƙi. Baba ya dube ni ya ce ba shi ya haifi mahaukaci ba, ya daina amsa gaisuwata.

Ana saura kaɗan Salla ƙanwata ta zo ta ce Baba na tari. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Ban jira izininsa ba, na saɓe shi sai gidan likita, aka ɗaura mashi ruwa da maganin da ya dace tun da wuri. A gado ya yi Salla, gefen Bamayahen, wanda bai fita da ransa ba.

Ranar da Baba ya iya magana, ya riƙe hannuna, yana jan numfashi tsakanin kalmomi.

Ya ce, "Wa ke bi na a shekaru?"

Na faɗa mashi.

Ya ce, "Je ka ce mashi ya zauna inda yake."