Ba Karambani Ne Ya Kashe Malam Haladu Ba

Ina wata gona a bayan Ƙarfi, ina nuna wa manoma tazarar da ake bari tsakanin gindin masara da taki, sai ga mai babur yana keta taɓo. Bai ko kashe inji ba, ya ce in taho Funtua, Malam Haladu ya rasu, wutar lantarki ta kama shi a gidansa da safen nan. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina ƙoƙarin hawa baya sai ya ƙara da cewa ai dama mutane sun sha faɗa, taɓe-taɓen nan nasa wata rana sai ya ja masa. Na sake jin maganar a maƙabarta, na ji ta a zaman makoki, a bakin waɗanda suka fi kowa sanin ƙarya ce. Ita ta sa na ɗauki alƙalami.

Tare aka ɗauke mu aikin malamin gona a farkon shekarun saba'in, ɗaki ɗaya muka kama a Malumfashi. Gyaran rediyo ba sana'arsa ba ce, bai taɓa buɗe shago ba, sha'awa ce Allah ya ɗora masa. Lokacin babu wuta a unguwarmu. Idan mun dawo daga daji da la'asar, sai ya shimfiɗa tabarma, ya kwance wani tsohon rediyo da ya tsinta a kasuwar Musawa, ya jera ƙusoshinsa a faranti, ya sa babbar ƙusa a garwashi har ta yi ja, da ita yake narka dalma. Rediyon ya yi watanni yana shiru. Ranar da ya yi magana, Haladu bai yi ihu ba, ya dai ce in miƙo masa murfin.

Yana da wata magana da duk wanda ya zauna da shi ya sani: "Kafin ka zargi rediyo, tambayi batir." A kan mutane ma haka yake faɗinta. Idan a ofis aka fara zagin manoma cewa sun ƙi bin shawara, sai ya tambaya shin irin da aka raba musu ya isa kan lokaci, ko sai da damina ta yi nisa.

Ba na manta wani dattijon Bamaguje mai suna Nomau, daga ƙauyukan Malumfashi. Ɗansa soja ne a kudu, ba wasiƙa yake aikowa ba tunda tsohon bai yi karatu ba, murya yake ɗauka a kaset. Rikodar maƙwabta ta tauna kaset ɗin, zaren ya tsinke, ya cukurkuɗe. Nomau ya kawo shi ƙunshe a tsumma kamar wanda ya ɗauko tsuntsu mai karyayyen fiffike. Haladu ya warware zaren a hankali, ya goge lanƙwasar da bayan cokali, ya haɗa bakin da jan farcen matarsa, ya naɗe da biro. Da muryar yaron ta fito tana gaida uwarsa, tsohon ya juya mana baya. Da kaka ya aiko da damin dawa. Haladu ya karɓa, ya ce mayar da kyautar dattijo cin fuska ne.

Bayan an dawo da mu Funtua, aka ja wuta unguwarsa, ya sayi talabijin baƙi da fari, ya kafa eriya a kan doguwar gora don ya kamo Kaduna. A nan nake so masu maganar karambani su saurara. Ban taɓa ganin mai tsoron wuta irin Haladu ba. Ba ya buɗe bayan talabijin sai ya zare soket, ya tsaya a kan busasshen katako, ya sa hannu ɗaya a aljihu. Yakan ce talabijin ko an kashe shi kunama ce da aka taka, dafin yana nan. Ya taɓa korata daga ɗakinsa don na shigo da jiƙaƙƙen takalmi yana aiki. "Wuta ba ta san mai gida ba," in ji shi. Wannan mutumin ne yau ake cewa ganganci ya kashe shi.

Ga abin da ya kashe shi. Maƙwabcinsa na gabas wani Alhaji ne dillalin auduga, ba zan kira sunansa ba, ya san kansa. Ya kafa injin niƙa a bayan layi, ya ja masa wuta daga gidansa da tsofaffin wayoyi da aka ɗaɗɗaure, gaɓoɓin a tsirara, aka ratsa da su ta saman rufin kwanon Haladu. Haladu ya same shi da girmamawa, ya ce wayar nan za ta ci rai. Ya ce a sayo waya mai rufin roba, a kafa falwaya, shi zai tsaya a kan aikin da kansa. Alhaji ya yi dariya, ya ce malamin gona ya tsaya ga takinsa. Haladu ya kai magana gaban dattawan unguwa, ina zaune. Aka ce za a duba. Aka ce maƙwabtaka ta fi waya. Damina ta kama ba a duba ba.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa da iska, gorar eriya ta karkace. Da gari ya waye, in ji matarsa Hajara, ya zare soket ɗin talabijin, ya cire fis ɗin gidan gaba ɗaya kamar yadda ya saba, sannan ya jingina tsani. Bai san iska ta kwantar da wayar Alhaji a ɗaya ɓarin rufin ba, inda ba a hangowa daga tsakar gida. Yana dafa kwano wuta ta riƙe shi. Emeka, ɗan Ibo haifaffen Funtua da ke sayar masa da kayan gyara, shi ya ji kururuwar Hajara, ya faɗo gidan, ya ture tsanin da taɓarya. Ya ce mini da ya zagaya bayan gidan, da idonsa ya ga wayar kwance a kan rufin tana tartsatsi. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Ana cikin yi masa wanka, yaran Alhaji suka hau suka naɗe wayar. Gawa na ƙasa, su suna sama suna ɓoye shaida. Ranar sadakar uku Alhaji ya zo da babbar riga, ya zauna a sahun gaba, ya ce Allah ya jiƙan Malam, mutumin kirki ne, sai dai ya cika wasa da wuta.

Na ce, "Alhaji, ina wayar da ke bisa kwanon gidan nan?"

Wani dattijo ya kama hannuna, ya ce, "Malam, ƙaddara ce, a bar wa Allah."

Na yarda da ƙaddara, ba wanda zai koya mini ita. Kwanan Haladu ya ƙare, ko a kan gado yake sai ya tafi. Amma ƙaddara ba ta wanke hannun wanda aka gargaɗa ya ƙi ji, kuma ba ta halatta a ɗora wa mamaci laifin mai rai don ba zai tashi ya kare kansa ba. Ba a yi sadakar bakwai ba injin ya ci gaba da niƙa, da sabuwar waya mai rufi a kan doguwar falwaya. Ashe abin mai yiwuwa ne. Na tsaya a gindin falwayar nan ina kallon sabuwar wayar.

Ku 'ya'yansa, idan kun girma kuka ji wani ya ce karambani ne ya kashe ubanku, ku ce ƙarya yake yi. Ubanku ya cire fis kafin ya hau.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Haladu, ka gafarta masa, ka haskaka kabarinsa, ka karɓi mutuwarsa a matsayin shahada. Ka bai wa Hajara haƙuri da juriya, ka raya marayun da ya bari, ka tsaya musu inda mu muka gaza. Mu kuma idan tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Wanda ya ja wayar da waɗanda suka ce za a duba, na kasa yi musu addu'a tukuna. Na bar su da kai, ranar da babu dattijon da zai kama hannun kowa.