Yahanasu Mai Ruwan Bagaruwa

A Wurma, idan bakin yaro ya yi ƙuraje har ya ƙi abinci, gidan Yahanasu ake kai shi. Wajen kakarta ta gaji sana'ar. Takan daka bagaruwa ta tafasa, ta tace da farin ƙyalle, in ya huce a kurkure baki, sannan ta shafa zuma da ɗan yatsa. Ba ta taɓa cewa tana maganin wani abu bayan wannan ba.

Mijinta ya rasu da wuri, ba ta haihu ba. Ƙanenta Sada ta raina tun mutuwar uwarsu, har ya girma ya zama masinja a ofishin En'e na Dutsin-Ma, ya sayi keke, ya auri Rakiya.

'Yan shekaru bayan samun mulkin kai wani ƙullutu ya fito wa Sada a wuya. Tomas, malamin asibitin garin, mutumin kudu, ya yi mashi hanya zuwa wani babban asibiti mai nisa. Can suka ce ciwon daji ne, suka yi mashi allurai, suka ce ya je ya huta ya dawo a ƙara. Ƙullutun ya ragu, amma bakinsa ya zama gyambo tun daga leɓe har maƙogwaro. Ko miyau bai iya haɗiyewa.

Yahanasu ta sa aka kawo mata shi a kan jaki. Ta rage ƙarfin bagaruwar don kada ta yi mashi zafi, ta riƙa ɗiga mashi kunu mai ruwa da ludayi, rabi na shiga rabi na zuba. Kafin wata ya mutu ya fara cin tuwo da miyar kuka. Ranar da ya nemi ƙari sai ta zagaya bayan rumbu ta yi kuka.

Da lokacin komawa ya yi, Sada ya ce ba inda za shi.

"Yaya, su suka ƙona mani baki, ke kika warkar. Ki ba ni na wuyan."

"Ba ni da shi, Sada. Maganina a baki ya tsaya."

"Kina da shi. Tsoro kike ji."

Ta roƙe shi, ta kira limamin unguwa ya yi mashi magana, ya ƙi. Tomas ya zo a kan keke, gumi ya jiƙa mashi riga, ya tsaya a zaure.

"Inna, ke kika riƙe shi," in ji shi. "In kika daina ba shi maganin, zai koma asibiti."

"In bar shi da yunwa kenan?"

Tomas ya juya kekensa ya tafi.

Shi kuwa Sada sai ya shiga faɗa wa duk wanda ya zo gaishe shi cewa yayarsa ta kashe ciwon daji. Labari ya kai Birchi, ya kai kasuwar Kurfi. Aka fara kawo mata masu kumburi a nono da ciki. Ta ce ba ta iya ba, suka tafi suna cewa rowa ce, ta ɓoye wa danginta asirin.

Da damina ta sauka ƙullutun ya dawo, ya fi na da. Sannan Sada ya ce a kai shi asibitin, amma ba ya ko iya zama a kan jaki. Ya rasu kafin a yanke gero, bakinsa ba tabo ko ɗaya.

Ranar sadakar uku Rakiya ta ce a gaban mata, "Da an bar shi a hannun likita da yanzu yana nan." Bayan takaba ta kwashe 'ya'yanta zuwa gidan ubanta, ba ta sake bari sun taka Wurma ba.

Mutane suka ɗauke ƙafa daga gidan Yahanasu. Ta koma yin daddawa tana kai wa kasuwa. Jifa-jifa wata uwa takan shigo ta ƙofar baya, goye da yaro mai ciwon baki, ta roƙe ta kada mijinta ya ji. Yahanasu takan ɗora tukunya ba tare da ta dubi matar ba.

Ta rasu ana tsakiyar yaƙin basasa. Babban ɗan Sada yana makaranta a Katsina lokacin, sai da ya zo hutu aka faɗa mashi.