Muryar da Ramlatu Ta Bari a Unguwar Gai

In ka bi ta ƙofar gidan Malama Ramlatu a Rano da hantsi, abin da za ka fara ji ƙarar kaset ne ana mayar da shi baya. Takan lasa batir da harshe ta ji ko da sauran ƙarfi, ta naɗe rikodarta a tsohon zane, ta zura hijabi, sai hanya. Yau Rurum, gobe Kibiya. Bana dai gwiwa ta ce ta gaji, Malama ta ajiye aiki, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani tun tana ji da kunnenta.

Akwai wata ƙungiya ta malaman jami'a a Kano, masu bin tarihin kasuwanci da sana'o'in ƙasar nan. Sun zauna da masaƙa, sun zauna da marina, sun ji labarin fatake. Amma zaren da aka saƙa, wa ya kaɗa shi? Matan cikin gida. Malaman kuwa maza ne, iyakarsu zaure. To, Ramlatu ce ƙafarsu a cikin gidaje. Ko a shekarun da Shari'a ta dawo, aka fara yi wa macen da ta hau acaɓa wani irin kallo, ba ta fasa ba. Motar kasuwa take bi, ta ƙarasa da ƙafa.

A Unguwar Gai akwai Iya Salamatu, tsohuwar da a zamaninta masaƙan Rano ke rububin zarenta. Sa'o'inta duk sun rasu, ita ma jiki ya fara ƙi. In ta tafi, ta tafi da labarin. Ɗanta Malam Isiyaku, mai makarantar allo, ya tare Ramlatu a zaure.

"Malama, muryar mahaifiyata ba za ta shiga akwati maza su zauna suna saurare a Kano ba."

Ramlatu ba ta yi musu ba. Ta kwance zane, ta ajiye rikodar a gabansa. "Ga ta nan, Malam, a riƙe mini. Ni gaisuwa zan shiga."

Ta san abin da mu mata muka sani: tsohuwa ba ta hira hannunta na zaune. Sai ta ɗauki mazari da auduga ta ce a koya mata kaɗi. Zare ya yi ta tsinkewa.

"Ke 'yar nan, zare kike yi ko igiyar ɗaure akuya? Shafa alli a yatsa mana!"

Daga faɗa sai labari ya ɓalle: yadda ake bambanta arafiya, siririn zare, da abawa mai kauri, yadda dillaliya ke zagaya gidaje kafin ranar kasuwa, shekarar da zaren kanti ya shigo mata suka jefa mazari bayan gado. Ramlatu ta koma gida ta maimaita duka a kaset da muryarta. Da ta dawo, ta roƙi Malam ya bar rikodar ta shiga, za ta kunna wa Iya abin da ta maimaita ne kawai, ba za ta ɗauki muryarta ba. Iya ta saurara tana taɓe baki.

"Ban ce Kibiya ba, Rurum na ce! Kunnenki ma irin hannunki ne."

Haka suka yi ta yi har damina ta wuce. Wata rana Malam Isiyaku ya shigo ɗaukar buta, ya ji mahaifiyarsa na cewa farar rigar da ya sa ranar saukarsa ta Alƙur'ani, ita ta kaɗa zarenta kaf, tana goyon ƙanwarsa, ba ta taɓa gaya masa ba. Ya tsaya da buta a hannu. Can ya ce, "Malama, danna abin nan. Amma kaset ɗin nawa ne, ba na Kano ba."

Ta danna, Iya ta ci gaba da labari da faɗan kaɗi har kaset ya cika. Ta ciro kaset ɗin ta miƙa masa a wurin.

Shugaban ƙungiyar, Dokta Abdulganiyyu, mutumin kirki ne, ya roƙe ta ko kwafi ɗaya, don muryar mai abu ta fi ƙarfi a wajen masana. Ta ce, "Ranka ya daɗe, labarin na kawo muku, ga shi. Muryar kuwa tana da mai ita." Bai sake tambaya ba.

Ke ce, Ramlatu, mai shiga inda alƙalami ba ya shiga. Ke ce aka ba amana a ɗaki, ba ki fito da ita tsakar gida ba. Mun gode, Allah ya ba gwiwar nan sauƙi. Ku kuma 'yan mata masu karatu, akwai tsofaffi a gidajenku, ku zauna kusa da su tun suna nan.

Iya Salamatu ta rasu, Allah ya ji ƙanta. Matar Malam Isiyaku ta ce mini wani lokaci in an tashi makaranta yakan shiga ɗaki ya kunna kaset ɗin. Daga tsakar gida sai su ji Iya tana faɗa: "Shafa alli a yatsa mana!"